Tafiya karatu Birtaniya da iyali: wa aka hana, wa aka bari?

Har yau maganar tana yawo a WhatsApp, wai Birtaniya ta rufe ƙofa, babu ɗalibin da zai ƙara tafiya da matarsa. Wani ƙanena da ya samu gurbin digirin digirgir saura kaɗan ya fasa saboda wannan zance, alhali dokar ko kusa da shi ba ta zo ba.

A watan Mayun 2023 ne Suella Braverman, sakatariyar harkokin cikin gida ta lokacin, ta sanar da sauyin dokar tafiyar ɗalibai da iyali, ya kuma hau kan kwasa-kwasan da suka fara daga 1 ga Janairun 2024. Hujjar gwamnatin Birtaniya ita ce bizar iyalan ɗalibai ta tashi daga wajen 16,000 a 2019 zuwa 136,000 a 2022, kuma 'yan Najeriya ne kan gaba.

Wanda abin ya faɗa wa shi ne mai digiri na biyu irin na zaman aji, wanda ake gamawa a shekara guda. Mai digirin digirgir da mai digiri na biyu na bincike, na wata 9 ko fiye, suna nan da damarsu ta tafiya da miji ko mata da 'ya'yan da ba su kai 18 ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne batun tallafi. Dokar ta ware ɗalibin da gwamnati ta ɗauki nauyinsa, muddin karatun ya wuce wata 6, ko da kuwa na zaman aji ne. Sai mutane suka ɗauka kowane tallafi ma ya yi. A'a. Jami'a ta yafe maka rabin kuɗin makaranta, ko wata gidauniya ta biya maka, ko ka ci bashi, ko ka sayar da fili, duk ba su sa ka cikin waɗanda aka ware. Abin da suke dubawa shi ne tallafin gwamnatin ƙasa, wanda ya ɗauke kuɗin makaranta da na zama. Don haka mai takardar gwamnatin jiha ya tura wa ofishin ɗaliban waje na jami'arsa su duba tukuna, kafin ya ce wa uwargida ta fara haɗa kaya.

Wanda ma ya tsallake, da sauran aiki. A lissafin 2024, kowane mutum ɗaya cikin iyali sai an nuna masa fam 680 na kowane wata har wata 9, wato fam 6,120, in a Landan ne kuwa 845 a wata. Kuɗin kuma sai sun kwana 28 a asusu ba su ragu ba. Ga fam 776 na kiwon lafiya duk shekara, kowa da nasa.

Ni dai abin da ya tsaya min a rai, mutum biyu a aji ɗaya: wanda gwamnati ta biya wa yana komawa gida ya tarar da 'ya'yansa, wanda ya sayar da gonar gado ya biya da kansa kuwa sai dai gaisuwa ta waya.