Dangin Higgs da Ɓoyayyen Sinadari a Ra'in Supasimetiri

Supasimetiri ra'i ne a fannin fiziks da ke cewa kowace ƙwayar asali da aka sani tana da abokiyar zama mai nauyi wadda ba a kai ga ganinta ba tukuna. Julius Wess da Bruno Zumino na cikin waɗanda suka aza harsashinsa a 1974.

Daidaitaccen Tsari, wato ra'in ƙwayoyin asali da masana suka daɗe suna aiki da shi, ƙwayar Higgs ɗaya tak ya tanada, wadda filinta ke ba sauran ƙwayoyi nauyi. Ita ce aka sanar da gano ta a cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke kusa da Janiba ranar 4 ga Yuli, 2012, da nauyin kusan GeV 125 (GeV ma'aunin nauyin ƙwayoyi ne). Supasimetiri kuwa lissafinsa ba ya tsayuwa sai da filayen Higgs biyu: ɗaya ya ba kwak (ƙwayoyin asali irin waɗanda suka haɗa cibiyar zarra) irin na sama nauyi, ɗayan ya ba kwak irin na ƙasa da ilektiron. Sassansu takwas ne. Uku suna shigewa cikin ƙwayoyin W da Z, masu ɗaukar raunanan ƙarfin nukiliya, su zama nauyinsu, biyar su rage a matsayin ƙwayoyin Higgs, biyu masu caji, uku marasa caji. Wannan shi ne tsarin MSSM, wato tsarin supasimetiri mafi ƙanƙanta.

Sai dai nauyin 125 ya matsa wa tsarin lamba. A lissafin farko, Higgs mafi ƙarancin nauyi ba za ta haura nauyin Z ba, wato GeV 91, sai an cike giɓin da abokiyar kwak ɗin "top" mai nauyi ainun. Shi ya sa tsarin NMSSM, wanda ya ƙara fili tilo, ya samu karɓuwa: Higgs suka zama bakwai, giɓin kuma ya yi sauƙin cikewa.

Inda abin ya fi armashi shi ne ɓoyayyen sinadari, wanda ya kai kusan kashi 27 cikin ɗari na abin da sararin samaniya ya ƙunsa, ba ya haske, sai dai a ga jan da yake yi wa taurari. Idan dokar da ake kira R, wadda ke hana abokiya ta rikiɗe zuwa ƙwayoyin da aka sani zalla, ta tabbata, mafi ƙarancin nauyi a cikin abokan nan ba ta ruɓewa, don haka za ta iya zama ɓoyayyen sinadarin. Galibi nutiralino ce, haɗin abokan Higgs da na Z da na haske, huɗu a MSSM, biyar a NMSSM. Higgs na taka muhimmiyar rawa a harkarta: ta hanyarta nutiralino biyu kan iya haɗuwa su ɓace tun farkon halittar sararin samaniya, musamman idan nauyinsu a haɗe ya yi daidai da na wata Higgs mai nauyi, kuma ta hanyarta guda za ta iya bugun cibiyar zarra.

Wannan bugun ne gwajin LZ a Dakota ta Kudu da XENONnT a Gran Sasso ta Italiya ke dako a ƙarƙashin ƙasa, cikin tankunan ruwan zinon. Har yanzu ba su tabbatar da shi ba, LHC, babban injin gwara ƙwayoyi na CERN, ma bai ga Higgs ta biyu ba.