Ma'anar turbo, da kuskuren da ke cinye injinan da aka sake haɗawa

Kalmar turbo ta cika ko'ina. Masu tallan mota a rediyo ba sa gama magana sai sun ambace ta, masu bidiyon motoci a Facebook da TikTok suna ta nanata ta, har cajar waya da injin aski an liƙa musu ita. A 2019 kamfanin Porsche ya fitar da Taycan Turbo, motar lantarki zalla, wadda ko salansa ba ta da shi balle hayaƙin da zai juya turbo. A bakin mutane da yawa yanzu ma'anarta kawai "mai gudu". Wasu ma cewa suke inji biyu ne a motar, na biyun yana tashi idan an taka totur.

Turbo famfon iska ne. Farfela biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyu tana zuƙo iska tana ɗura ta cikin silinda, kamar yadda zugazugi ke yi wa wutar maƙeri. Iska ta ƙaru, a ƙara fetur, ƙarfi ya ƙaru. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar tun 1905.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗaukar turbo a matsayin ƙarfin da ake saye a kwali a ɗaura wa kowane inji, wai kuma gwargwadon girmansa gwargwadon kyawunsa. Mutum zai sauke inji don a sake haɗa shi, ya zuba rabin kuɗinsa a ƙaton turbo, fistin da ringi (zoben ƙarfe da ke kewaye da fistin) da famfon mai kuwa ya ce a lallaɓa da na da. Ba a jima ba inji ya watse, a ce turbo ba shi da ƙarko.

Wannan darasi an sha shi tun 1962 a Amurka, lokacin da Oldsmobile ya fitar da Jetfire, ɗaya daga cikin motocin turbo na farko da aka sayar wa jama'a. Injinta mai silinda takwas ne, kuma injiniyoyin suka bar matsinsa a sama, 10.25 zuwa 1, wato fistin yana danne cakuɗin iska da fetur har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Iska kuwa duk lokacin da aka matse ta zafi take yi. Turbo ya matse ta, fistin ya sake matse ta, sai wani ɓangare na cakuɗin ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan fashewar ita ce ƙwanƙwasa, ƙara siririya da direba kan ji idan ya taka a hawa, kuma tana farfasa gefen fistin inda ringi ke zama. (Ba ita ce abin da makanikai ke nufi da "inji ya buga" ba, amma idan aka ƙyale ta can take kai mutum.)

Maganin da Oldsmobile ya yi shi ne ƙaramin tanki na wani ruwa da suka sa wa suna Turbo-Rocket Fluid, gaurayen ruwa da barasar metanol, ana fesa shi cikin iskar don ya sanyaya ta. Dabarar tana aiki muddin akwai ruwan. Masu motar sai su manta, tanki ya ƙafe, na'urar kariya ta rage matsin turbo, su koma wurin dila suna ƙorafin mota ba ta ja. Bayan 1963 aka daina ƙera ta, daga baya ma aka riƙa cire wa da yawansu turbon ana sa kafireta. Turbon lafiyarsa ƙalau. An dai ɗora shi a kan injin da ba zai iya ɗaukar zafinsa ba sai da taimakon wani abu da direba zai iya mantawa.

Dubi yadda Toyota ta yi da 2JZ, injin Supra ta 1993. Wanda ba shi da turbo matsinsa 10 zuwa 1 ne. Mai turbo an sauke nasa zuwa 8.5, an canza siffar kan fistin, an sa 'yan bututu masu fesa baƙin mai a ƙarƙashinsa don su kwashe zafi. Kusan duk bambancin a cikin injin yake, inda ido ba ya gani.

Can ne aikin sake haɗawa yake. Makanike na gari ba ya zare ringi daga leda ya sa a fistin kai tsaye. Yakan tura shi cikin silinda shi kaɗai, ya daidaita zamansa da kan fistin, ya zura siririn ƙarfen awo a tsakanin bakunansa biyu. Idan tazarar ta yi kaɗan ya goge baki da magagari, ya share, ya sake aunawa, ringi bayan ringi. Injin turbo yana buƙatar tazara fiye da ta injin gama-gari, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, kuma da zarar bakunan sun haɗe, ringin ba shi da inda zai je sai ya ɓalle kan fistin. Haka ake auna kiranshaf (babbar sandar da fistin ke juyawa) da metal ɗin da take kwance a kai, a duba ko fuskar kan silinda ta karkace kafin a sa sabon gaskit.

Sai fetur. A tafiya ta hankali inji yana ƙona iska kashi 14.7 da fetur kashi 1, amma idan turbo ya cika aiki ana so kason iskar ya sauko wajen 12, saboda ƙarin fetur ɗin yana sanyaya ɗakin wuta. Famfon fetur ko nozul mai fesa shi da suka gaza, ko kwamfutar mota da ba a sake saita ta ba, suna iya narkar da sabon fistin a taku ɗaya mai tsawo. Bututun da ke kai wa turbo baƙin mai shi ma a canza shi. Sandar turbo da ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ba ta jure bututun da ƙonannen mai ya toshe rabinsa. Idan kuma tsohon turbo fashewa ya yi, a wanke na'urar sanyaya iska da ke tsakanin turbo da inji tas, don ɓurɓushin farfela yana maƙalewa a ciki.

Ni dai a ganina ƙaton turbo a motar hawan yau da kullum asara ce. Yana buƙatar hayaƙi mai yawa kafin ya farka, injin mota kuwa a titi yawanci tsakanin juyi 2,000 zuwa 4,000 a minti yake aiki. Ka taka don ka wuce babbar mota, shiru, sai can ƙarfin ya zo gaba ɗaya lokacin da ba ka so. Matsakaicin turbo mai tashi da wuri, da matsin da fetur ɗin da kake samu zai ɗauka ba tare da ƙwanƙwasa ba, ya fi daɗin tuƙi, kuma kuloci da giya da lagireto za su iya rayuwa da shi.