Tubali

Tubali (jam'i: tubala) curin ƙasa ne da ake mulmulawa da hannu, a shanya shi a rana, a yi gini da shi. Gindinsa na da faɗi, kansa kuma ya tsuke. Ba a zuba shi a ma'auni, ba a gasa shi, nan ya bambanta da bulo.

Asalin kalmar

Masana da dama na danganta ta da "ɗub" ta Larabci, wadda ke nufin bulon ƙasa. Ita ma Larabcin aro ta yi daga Ƙibɗanci, harshen Kiristocin Misira na dā, wanda ya gaje ta daga tsohon harshen Misira, inda aka daɗe ana gini da lakar kogin Nilu. Daga "aɗ-ɗub" ɗin ne Sifaniyanci ya samu "adobe", wadda Turawa suka kai har nahiyar Amurka. Ana kyautata zaton fataken Sahara ne suka kawo kalmar ƙasar Hausa. Akwai saɓani kan ko sana'ar ma tare da su ta zo.

Yadda ake yin sa

Ana haƙo jar ƙasa mai birji daga kududdufi, a jiƙa, a zuba ciyawar datsi, a tattake da ƙafa. Sai a bar kwaɓin kwanaki ya ruɓa, a sake kwaɓawa. Idan yumɓu ya yi yawa tubalin zai tsage wajen bushewa. Idan yashi ya rinjaya zai marmashe a hannu. Da rani ake yi, ya sha rana kamar mako biyu.

Magini yakan jera tubala gindi ƙasa, kai sama, ya cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa har sahu ya rufe, ya jira ya sha iska kafin ya ɗora na gaba. Wanda ya yi gaggawa bangonsa zai karkace. Bangon yana da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. A kansa ake ɗora azara, a shafe waje da makuba ko laso, wato shafen gargajiya da ke kare bango daga ruwa. Inda ruwa ke kwanciya a gindin bango, nan zaizaya ke farawa, shi ya sa ake yaɓe kafin damina.

Tarihi

Da tubali aka gina Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wajen shekarun 1830. Haka ma tsofaffin sassan Gidan Makama a Kano.

A yau

Bulon siminti ya mamaye birane. Kalmar dai tana nan a "aza tubalin gini", da "tubalin toka" ga abin da ba zai ɗore ba.