Sanya sunan mai abu ba izini ba ne: abin da dokar haƙƙin mallaka ta yarda a ɗauka da abin da ta hana

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok a Katsina ya saba ganin waƙa ko guntun fim an ɗora, a ƙasa an rubuta "ba nawa ba ne" ko "haƙƙin mallaka na mai shi ne". Wannan rubutun ba ya wanke kowa a gaban doka. Hasali ma shaida ce mutum ya bayar a kan kansa cewa ya san kayan na wani ne. Ambaton suna daban, neman izini daban.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ita ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988, lokacin kaset. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, ke kula da ita, shari'a kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, ba a kotun majistare ba.

Abubuwa shida dokar ta kare: rubutu, kiɗa da waƙa, zane da hoto, fim da bidiyo, sautin da aka naɗa, sai shirin rediyo da talabijin. Ba sai an yi rajista ba. Ranar da marubuciya ta rubuta babinta a waya, ko mawaƙi ya naɗi muryarsa, haƙƙi ya tabbata. Rajista a NCC tana da amfani, domin takardarta na sauƙaƙa hujja in rigima ta taso, amma ba ita ke haifar da haƙƙin ba.

Dabara ko tunani zalla ba su da kariya. Labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu ba na mutum ɗaya ba ne, kowa na iya gina nasa ƙirƙirarren labari a kai. Abin da ba za ka yi ba shi ne kwashe jimlolin wani da ya riga ya rubuta nasa. Hasumiyar Gobarau ma haka: je ka ɗauki hotonka, amma hoton da wani ya tashi da asuba ya ɗauka nasa ne.

Kariyar tana da wa'adi. Rubutu, waƙa da zane suna nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu. Fim, hoto da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne daga shekarar da aka fara fitar da su. Nan mutane ke ruɗewa, domin waƙa ɗaya tana ɗauke da haƙƙi biyu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, saboda haka baitocinsa da karinsu suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069. Faifan da aka fitar a 1970 wa'adin naɗinsa ya cika a ƙarshen 2020, amma waƙar da ke cikinsa tana nan da masu ita. Wanda zai sa ta a tallar shago ko ya sake rera ta don sayarwa sai ya nemi magada, ko wanda haƙƙin ya koma hannunsa.

To, me aka yarda a yi ba tare da izini ba? Sashe na 20 ya buɗe ƙofar amfani bisa adalci: amfanin kai, nazari da binciken da ba na kasuwanci ba, suka ko sharhi, ba da labarin abin da ke faruwa, da kwaikwayo na barkwanci ko zambo. In a bainar jama'a za a yi sharhin ko rahoton, dole a ambaci sunan aikin da na mai shi. Wato ambaton suna sharaɗi ne a cikin abin da aka riga aka halatta, ba mabuɗi ne na halatta komai ba.

Ko an shiga ta wannan ƙofar, alƙali zai auna abu huɗu: manufar amfanin, irin aikin da aka taɓa, yawan abin da aka ɗauka da muhimmancinsa, da kuma illar da aka yi wa kasuwar mai shi. Na ƙarshen nan ya kamata kowa ya fi sa wa ido. Mai sharhin finafinai da ya nuna daƙiƙa talatin don ya bayyana inda darakta ya yi kuskure yana kan hanya. Wanda ya yanka fim ɗin gida goma ya ɗora duka, ya ce sharhi ne, ya raba mai fim da masu kallonsa ne kawai. Kuma maganar da ake yaɗawa cewa daƙiƙa goma ko goma sha biyar halal ce ba ta cikin dokar. Baiti ɗaya na iya zama shi ne ran waƙar baki ɗaya.

Makarantu suna da sassauci, amma da ma'auni. Makaranta na iya kwafar wani yanki na littafi don koyarwa, muddin bai wuce kashi 5 cikin 100 ba a cikin wata uku. Littafi mai shafi 200, shafi 10 ke nan. Mai shagon hotokwafi da ya buga littafin sukutum, ya yi masa bango, ya jera a tebur yana sayarwa, wannan satar fasaha ce. Makafi kuwa dokar ta ba da damar a mayar musu da littafi zuwa rubutun da suke shafawa ko zuwa sauti ba tare da jiran izini ba, in ba don riba ake yi ba.

Hoton biki na yawan haɗa mutane faɗa. Mai ɗaukar hoto shi ne mai haƙƙin, in ba a rubuta akasin haka ba. Sai dai iyalin da suka ɗauke shi aiki suna da ikon amfani da hotunan a abin da ba kasuwanci ba, kuma suna da ikon hana shi baza su ga jama'a. Ɗora hoton amarya a shafin talla bayan ta ce a'a keta doka ne, kuma a garin da ake kishin mutuncin iyali wannan tanadi ya dace ƙwarai.

Hukuncin ba wasa ba ne. Buga kwafin sata don sayarwa na jawo tarar aƙalla naira 10,000 a kan kowane kwafi, ko ɗaurin aƙalla shekara biyar, ko duka biyun. Ɗora aikin wani a intanet don neman kuɗi ba da yardarsa ba, tarar aƙalla naira miliyan ɗaya ce ko shekara biyar. Masu tura finafinai da waƙoƙi a memori a bakin kasuwa, da masu tara littattafan marubuta suna sayarwa a zaurukan WhatsApp, su lissafa da kansu. Mai haƙƙi kuma na iya aika wa kamfanin da ke riƙe da shafin takardar ƙorafi a rubuce, ya nuna aikinsa da inda aka ɗora shi, ya nemi a sauke.

In za ka nemi izini, fara da gano mai haƙƙin na ainihi. A fim ba jarumi ba ne, furodusan da ya shirya aikin ne. A waƙa wataƙila mutum biyu za ka nema, mawaƙin da wanda ya ɗauki nauyin naɗin. Izinin amfani na yau da kullum ko da baki ya halatta, amma gardama ba ta da wuyar tashi, gara ko saƙon waya ne a ajiye. Sayar da haƙƙi kacokan, ko ba mutum ɗaya izinin da ba a ba kowa ba, wannan doka ba ta san da shi ba sai a rubuce. Takardar ta faɗi sunan aikin, inda za a sa shi, tsawon lokaci, kuɗin da aka biya, da ko an yarda a yanke ko a sauya wani abu a ciki. A rubuta kwanan wata, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.