Bayajidda, Korau da masu cewa "gaskiya ne ko ƙarya?"

Wai Bayajidda ya taɓa rayuwa kuwa?

Babu rubutun zamaninsa da ya nuna haka. Na faɗa har bakina ya gaji. Rijiyar Kusugu dai, inda aka ce ya kashe maciji, tana nan a Daura, mai so ya je ya leƙa.

Ke nan ƙarya ce aka shirga mana?

Haba ɗan'uwa! Wa ya ce maka don a sanar da kai ranar da aka sare kan macijin ake ba da labarin? Aikinsa shi ne ya ce Daura, Katsina, Gobir, Kano, Rano, Zazzau da Biram gida ɗaya ne. Kuma ya yi aikin.

Me ya haɗa wannan da Maraɗi?

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ake ce wa sarkinmu Sarkin Katsina? Da jihadi ya ci Katsina wajen 1807, Ɗan Kasawa, ɗan gidan sarautar Katsina, ya zo nan ba birni ba fada, sai sunan gidan Korau, wanda aka ce ya kada Sanau a kokawa ya karɓe sarauta. Ko an yi kokawar ko ba a yi ba, da sunan nan aka tara jama'a aka kafa gari.

Ɗana ya dawo daga lakwal yana ce wa kakarsa tatsuniya take yi. Me zan ce masa?

To Hajiya, nan sai a hankali. Kwantar da hankalinki, yaron bai lalace ba. In jarrabawa ce, ya rubuta abin da malaminsa ya koya masa, kada ya je ya faɗi a banza. A gida kuwa, ni da zan ba da shawara, kada ki ce masa malam ya yi kuskure, kada kuma ki bari ya ƙaryata tsohuwa a gaban mutane. Ya danganta da shekarunsa. In ƙarami ne, bar shi ya sha labari tukuna. In ya fara wayo, koya masa ya riƙa tambayar wa ke ba da labarin, kuma wa labarin ya ɗaga. Wanda ake bayarwa a fada daban, na maharba daban. Mai yiwuwa ya yi gardama, ki ƙyale shi. Amma fa in labarin na ƙasƙantar da wata ƙabila ne, a wannan kam ki tsaya masa.

Sarauniya Mangu da gaske ta ɓace da tsafi?

Sojojin Faransa sun afka wa garinta Lugu a 1899, ta ƙi miƙa wuya. Wannan bai ishe ka ba?