Waiwaye: Yadda Daren Ista Ya Koma Dare, Kuma Yake Neman Komawa Rana a Kaduna

Duk shekara idan Mako Mai Tsarki, wato makon tunawa da shan wahalar Yesu da ke kaiwa ga bikin Ista, ya gabato, tambayar da ke yawo a bakin 'yan Katolika a Kaduna ba ta wuce ɗaya ba: ƙarfe nawa Fada, wato limamin coci, ya ce za a kunna wutar ibadar daren Asabar, jajibirin Ista? Tambayar tana da tarihi, kuma ya fi yadda ake zato tsawo.

Tun ƙarni na 4 Kiristocin Kudus suke bin makon kwana-kwana, daga ɗaukar ganyen dabino ranar Lahadi har zuwa kwanan zaune a daren Asabar. Amma da tafiya ta yi nisa, sai cocin Roma ta riƙa jawo ibadar daren baya, har ta koma safiyar Asabar. Wani ɓangare na dalilin shi ne dokar azumi: mai karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasar da ake karɓa a ibadar Misa, ba ya ci ba ya sha tun tsakar dare, don haka kowace Misa ta zama ta safe. Ka ga ke nan ana hura wuta a ƙofar coci rana tsaka, ana rera waƙar "wannan ne daren" alhali hantsi ya dubi ludayi.

Haka Fada-fadan ƙungiyar SMA, wato 'yan mishan na Katolika masu aiki a Afirka, suka kawo abin Arewa. A Shendam suka fara kafa mishan a 1907. Kaduna kuwa jirgin ƙasa ne da aikin gwamnati suka tara mata 'yan Katolika na farko, galibinsu ma'aikata daga Kudu, bayan ta zama hedikwatar Arewa a 1917. Ibadar da harshen Latin ake yin ta, Fada ya juya wa jama'a baya, kuma tunda Asabar ranar aiki ce, ma'aikacin reluwe ba ya ko leƙowa.

Paparoma Pius na 12 ne ya sauya lissafin. A 1951 ya ba da izinin mayar da ibadar cikin dare, a 1955 kuma ya gyara makon gaba ɗaya: Misar Alhamis ta koma yamma, tunawa da gicciye ranar Juma'a ta koma wajen ƙarfe 3 na rana. Wannan ya faɗo daidai lokacin da Kaduna ke tsayawa da ƙafarta, domin ta zama dayosis, wato yankin da bishof ke shugabanta, a 1953, ta zama babbar dayosis a 1959 ƙarƙashin John McCarthy. Sai Babban Taron Batikan na Biyu, wanda ya tara bishof-bishof na Katolika na duniya daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofa ga harsunan gida. A ganina wannan ne gyaran da ya fi taɓa talaka. Tsohuwa a Kakuri ko Kachia ta fara jin labarin shan wahalar Yesu da Hausa, 'yan Zumunta Mata suka shigo da tulu da ganga da caki, kuma a zamanin Akbishof Peter Jatau, wanda ya karɓi ragama a 1975, abin ya zauna daram.

Wanda bai taɓa gani ba, ga yadda daren yake. A kashe fitilu duka. A hura wutar itace a harabar coci, Fada ya kunna babban kyandir, daga shi wuta ta riƙa bin hannu zuwa hannu har ɗakin ya haske, kakin na ɗiga a yatsun yara cikin zafin bazara. Sai karatu mai tsawo, sai ƙararrawar da ta yi shiru tun daren Alhamis ta ɓarke, sannan a yi wa sababbin masu bi baftisma. Dokar coci a fili take: a fara bayan duhu ya shiga, a gama kafin wayewar gari.

To, a nan ne Kaduna ta sha bamban da abin da ke takarda. Ranar Lahadin Ista, 8 ga Afrilun 2012, wata mota ɗauke da bam ta tashi a tsakiyar gari, ta kashe mutane da dama, cikinsu har da 'yan acaɓa masu neman na tuwo. A Oktobar shekarar aka kai wa cocin St. Rita da ke Malali hari ana tsakiyar Misa. Daga nan shingaye da binciken jaka a ƙofa suka zama ɓangaren ibada. A 2020 kullen korona ya sa aka yi makon kowa a ɗakinsa. Yanzu kuma garkuwa da mutane, wadda ba ta bar limaman coci ba, ta sa coci-coci da yawa, musamman na karkara, suna farawa tun rana ba ta gama faɗuwa ba, su taƙaita karatu, don kowa ya isa gida da wuri.

Masu bin doka sau da ƙafa suna gunaguni, kuma suna da hujja. Sai dai Fadan da ke da ƙauyuka da yawa a wuyansa, ga hanya babu tsaro, shi ne zai amsa tambayar iyalai in wani bai koma gida ba. Shi ya sa har yau kowace coci ke sanar da nata lokacin tun ranar Lahadin Dabino.