Barbarar goɗiya da daskararren maniyyi

Barbarar goɗiya da daskararren maniyyi hanya ce ta samar da ciki ba tare da ingarma ya hau goɗiya ba. Ana ɗibar maniyyin ingarma, a daskarar da shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a ajiye, ranar da ake bukata a narkar da shi a zuba a mahaifa. Masu kiwon dawakin wasa, na tsallake shinge da na ƙwallon dawaki, suna cikin masu amfani da ita.

Asali

Ilya Ivanov, wani masani ɗan Rasha, ya yi aiki sosai kan barbarar dawaki da hannu a farkon ƙarni na 20, amma da ɗanyen maniyyi. Daskarewa na kashe ƙwayoyin maniyyi saboda ƙanƙara tana fasa su, sai a 1949 Christopher Polge da abokan aikinsa a Ingila suka gano cewa sinadarin gilisarol yana ba su kariya. A 1957 aka ba da rahoton duƙushi na farko da aka haifa ta wannan hanya, a Kanada.

Yadda ake yi

Ana sa ingarma ya hau wani gunkin goɗiya, a tari maniyyin cikin kwaroro mai ɗumi. Daga nan a tace shi, a cakuɗa da ruwan kariya wanda galibi akwai gwaiduwar ƙwai a ciki, a ɗura a siraran tsinkayen roba masu cin rabin mililita, wato 0.5 ml. Muddin tukunyar ajiya ba ta rasa naitirojin ba, maniyyin zai yi shekaru masu yawa da ransa, ko da ingarman ya mutu ko an dandaƙe shi. Ranar aiki akan tsoma tsinken a ruwa mai ɗumin digiri 37 na kusan daƙiƙa 30. Ba kowane ingarma ne maniyyinsa ke jure sanyi ba. Akwai ƙosasshen doki mai haihuwa da kyau wanda nasa in aka narkar kusan duk a mace yake. Don haka ake duba shi da madubin likita, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙwayoyin maniyyin su kasance suna iyo gaba.

Wahalar gaske tana wajen goɗiya. Takan zagayo neman namiji duk kwana 21 ko kusa da haka, ta yi kwana 5 zuwa 7 tana nema, ƙwan kuma ya sauka kwana ɗaya ko biyu kafin ta daina. Ɗanyen maniyyi yana iya kwana biyu ko uku a jikinta yana jiran ƙwai, amma wanda aka narkar bai cika wuce awa 12 ba. Ke nan dole a zuba shi cikin awa 12 kafin saukar ƙwan, ko awa 6 bayanta. Likitan dabbobi yakan duba ta da na'urar hoton ciki ta dubura, sau da yawa duk bayan awa 6, har da tsakar dare, ko ya yi mata allurar da ke saukar da ƙwai cikin awa 36 zuwa 48. Wanda ya yi sakaci a nan ya yi asarar tsinke mai tsada da mako uku. Bayan kwana 14 zuwa 16 a sake dubawa, don tabbatar da ciki da kuma gano tagwaye, waɗanda haɗari ne babba ga goɗiya. Cikin kansa wata 11 ne, kimanin kwana 340.

Dokokin masu rajista

Ƙungiyoyin dawakin tsalle na Jamus da Holan sun yarda da wannan hanya. Masu rajistar dawakin tsere irin Thoroughbred kuwa ba sa karɓar duƙushi sai ingarma ya hau uwarsa da kansa.

Matsayinta a Sakkwato

A Sakkwato doki abin hawan Sallah ne da sukuwa da kilisa, kuma yawanci mai goɗiya kai ta yake yi wurin ingarman da ya yaba. Masu ƙwallon dawaki a Arewa, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ɗaukaka, sun daɗe suna shigo da dawaki daga Ajantina da kuɗi masu yawa. Baƙon doki yana shan wuya da zafin bazara da ke haura digiri 40, ga kuma cutar dawakin Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, tana kuma yi wa baƙin dawaki mummunan kamu. A nan amfanin tsinken ya fito fili: jinin ingarman ya zo, shi yana can, duƙushin kuma a haife shi a bargar gida ya sha dakashin uwar da ta saba da ƙasar. Sai dai maniyyi ma yana ɗauko cuta, kamar ƙwayar da ke sa goɗiya ɓari, don haka takardar gwajin lafiyar ingarma ba abin wasa ba ce.

Abin da aikin ke bukata shi ne na'urar hoton ciki, da ƙwararren likita, da naitirojin da ba ya yankewa, domin yana ƙafewa kullum ko ba a buɗe tukunya ba, kuma tsinken da ya narke sau ɗaya ya lalace. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa, cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya kuma ta daɗe tana irin wannan aiki a kan shanu. Bai kamata hankali ya tafi kan jinin waje kaɗai ba. Ingarmun gida masu jure zafi da ƙishirwa da tafiya a kan harawa da dusa su ma sun cancanci a ajiye maniyyinsu, musamman ganin cewa mai doki nagari ba kasafai yake son a riƙa kai masa goɗiyoyi barga ba.